Dabinon Makka na Titin Gate City

Shekara huɗu ina yi wa 'yar ƙanwata ƙarya, kuma na ƙware. Duk sanda azumi ya ƙarato sai in tsaya a wani shagon Larabawa da ke titin Gate City in sayi kwalin dabino da ƙaramin carbi, wani lokacin har da kwalli. In zauna a mota in kankare tambarin shagon da farce, in naɗe kayan a tsohuwar leda mai rubutun Larabci, in kai gida in ce, "Ga tsarabarki, Innarki ta aiko daga Makka." Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ce an gode. Innarta kuwa tana kwance a maƙabartar ƙauyenmu tun yarinyar tana da shekara biyar.

Ba ni na ƙirƙiro maganar ba. Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen ina nan Greensboro a Amurka, ina canja wa wata tsohuwa zanen gado a gidan kula da tsofaffin da nake aiki. Sun kashe mutane da yawa, har da ƙanwata. Uban yarinyar dama ya rasu tun tana goye. Ita kuma sai washegari aka same ta a cikin rumbun gero a bayan gida, ba ko ƙwarzane a jikinta, sai dai ba ta magana. Ta fi wata ba ta ce uffan ba. Da bakinta ya buɗe ba ta tambayi kowa komai ba, sai babban yayanmu ya yanke cewa ba ta ga abin da ya faru ba, kuma bai ga amfanin ɗora wa 'yar shekara biyar abin da manya ma suka kasa ɗauka ba. Ya ce a gaya mata uwarta ta tsira, ta bi wasu mata zuwa Makka neman aiki, in ta yi wayo a faɗa mata gaskiya. A wajenmu wannan ba baƙon labari ba ne. Mata nawa suka tafi can suka shekara goma ba a ji muryarsu ba?

Shekara biyu muka yi muna fama da takardu kafin ta iso hannuna. Ta shigo gidana da 'yar jaka ɗaya da ƙaryar Yaya, na karɓe su duka biyun. Dabinon ne kawai nawa, don na ga uwar da ba ta waya kuma ba ta aike, yarinya za ta ce an manta da ita. Maganar "in ta yi wayo" kuwa, kowace shekara sai in ce baɗi. Allah bai ba ni haihuwa ba, ba ni da wata sai ita. Tsorona ɗaya ne: ranar da ta ji daga bakin wani, za ta ɗago ta dube ni ta ga maƙaryaciya, daga nan kuma na rasa ta ko da muna kwana gida ɗaya. A haka ma Anti take ce mini, ko da kuskure ba ta taɓa cewa Mama ba. Abin yana ci mini rai, ban taɓa nunawa ba.

Matsalar ita ce duk Bahaushen garin nan ya sani. Lokacin rasuwar kwana uku aka yi ana zaman makoki a falona, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, takalma har kan matakalar bene. Saboda haka kafin yarinyar ta sauka sai da na bi gida-gida ina roƙon a kama baki. Kowa ya ce to. Ni kuwa ban yarda da "to" ɗin kowa ba. Allah Ya yi ni da zargi, ba na musu. Maigidana yana cewa ko sallama aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta. In mun je suna ko walima, da ido ɗaya nake cin abinci, ɗayan yana kan duk macen da ta matsa kusa da yarinyar. Wadda ta kuskura ta ce "Allah sarki" da ta gan ta, ba ma sake taka gidanta.

Wadda na fi tsoro ita ce Hajiyar da ke zaune a ƙasanmu, 'yar Maraɗi, mace mai kirki, hannunta a buɗe, sai dai bakinta ba shi da murfi. Kuma ita ce ya zama dole in bar wa yarinyar ranar Asabar, don ina duti can wajen Summerfield tun safe har la'asar, maigida kuma yana kan hanya da babbar mota. Hajiya takan kwashe ta da jikokinta biyu ta sauke su a babban laburaren cikin gari, ta wuce cefane, ta dawo ta ɗauke su. Na ce to, laburare dai da sauƙi, littattafai ba sa gulma.

Wata Asabar, saura kamar wata biyu azumi, na dawo na tarar da yarinyar a kan kafet, ta sa tsohuwar kwamfutar maigida a gaba. Na leƙa. Fim ne baƙi da fari, duk ya yi dishi-dishi. Gari ne da wuta ta cinye, ba abin da ke tsaye sai guntayen bango nan da can, ga yara da kawuna a aske suna dafa wani abu a gwangwani. Yaren ban taɓa jin irinsa ba, fassarar Turanci tana gudu a ƙasa.

"Wannan kuma na 'yan China ne?"

"Na Japan ne, Anti." Da Turanci ta amsa. Tun shekararta ta biyu a nan ta daina amsa mini da Hausa. Tana ji sarai, amsar ce dai sai da Turanci.

"Ina waƙar?"

"Babu waƙa."

"Ba waƙa, ba rawa, ba bos? To me ake kallo?"

"Bayan yaƙi ne. Labarin yara ne kawai."

Mu da muka tashi da finafinan Indiya, fim in ba a yi rawa a kan tsauni ba ban san me ya tara mutane ba. Na yi dariya na wuce kicin, amma kalmar yaƙin nan ta biyo ni har gaban tukunya. 'Yar shekara sha ɗaya, sa'anninta suna can suna kallon 'yan tsana masu waƙa, me ya kai ta ga tsohon fim ɗin yaran da gari ya ƙone a kansu? Yaro ba ya tsintar irin wannan da kansa. Wani ne ya miƙa mata, kuma wanda ya miƙa mata ya san wani abu.

Na sa ido. Kowace Asabar sai ta dawo da sabon faifai daga laburaren, kuma duk kanwar ja ce: yara ba takalmi, layin karɓar abinci, sojoji suna dawowa da hannu ɗaya. Akwai guda da ta ƙi mayarwa, ta yi ta sabunta aron. A cikinsa ma wuri ɗaya take maimaitawa. Wata 'yar ƙaramar yarinya ce tsaye a ƙofar wani gida da rabinsa ya ƙone, an rataya mata akwati a wuya, an naɗe shi da farin ƙyalle, ta tallabe shi da hannu biyu a ƙirji. Sai manya suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi masu sanda, mata masu goyo, kowa ya tsaya a gabanta ya duƙa kamar mai ruku'u, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa, ya wuce. Ita ma ta sunkuyar da kai. Shi ke nan, bai fi minti biyu ba. Ina kicin ina yanka albasa na ji ta mayar da wurin sau shida.

Ranar wata Lahadi da hantsi na tura ƙofar ɗakinta in kwashi wanki. Tana tsaye a gaban madubi, ta naɗe wani abu da farin hijabinta na Islamiyya ta rungume a ƙirji. Ta duƙa wa madubin a hankali, ta ɗago, ta tsaya kamar mai jiran na gaba, ta sake duƙawa.

"Innalillahi! Me kike yi?"

Ta zabura, ƙunshin ya faɗi. Kwalin dabinon bara ne, ba komai a ciki.

"Wasa nake yi."

"Wasa? Wa kike yi wa ruku'u? Musulmi yana duƙa wa wani abu in ba Allah ba?"

"Ba ruku'u ba ne."

"To mene ne?"

Ta yi shiru. Ba shirun yaron da aka kama da laifi ba ne, wani shiru ne da take da shi, wanda in ta shiga sai ka ga kamar ta rufe ƙofa ta ciki. Ina tsoron shirun nan tun ranar da ta zo, don na san labarinsa. Na kwashi wankina na fita. Kafin in kai injin wanki na gama yanke hukunci: an gaya mata, sannan ga wani yana neman canja mata addini. Na ajiye kwandon na sauka ƙasa.

Na sami Hajiya tana tsince busasshen zogale a tire.

"Hajiya, me kika gaya wa yarinyar nan?"

"Bon, ki zauna tukuna. Ko gaisawa ba mu yi ba."

"Ina kwana. Me kika gaya mata?"

"Wallahi tallahi ban ce mata komi ba. Ni da na yi miki alkawali?" Ta ture tiren gefe. "Amma ke ma, ɗiyata, har yaushe? Yarinya ta fara azumi, tana salla, ba ta taɓa ɗaga hannu ta ce Allah Ya jiƙan uwarta ba. Wannan haƙƙin wa zai ɗauka?"

Maganar ta soke ni, kuma saboda ta soke ni na ƙara tabbatar wa kaina cewa ita ce. In ba mai laifi ba, me ya kawo wa'azi daga tambaya ɗaya? Na haɗe rai na ce ba wannan ya kawo ni ba, wa yake ba ta finafinan nan?

"Wata tsohuwa ce 'yar Japon, tana nuna silima a wani ƙaramin ɗaki ƙarfe biyu. Nawa jikokin ba su shiga, sun ce ba kala. Taki ce mai zama a gaba."

"Kuma ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Silima a laburare ma sai an kawo rahoto?"

Na haura sama ban yi mata sallama ba. Mako biyu in mun haɗu a matakala sai dai in ɗaga mata hannu.

Zargina ya koma kan tsohuwar da ban taɓa gani ba, kuma na yi mata gini mai hawa-hawa. Da farko na ce 'yar mishan ce irin ta addininsu. Daga baya na ce a'a, ta fi haka. A ƙasar nan mun sha jin labari: wani ya zauna da ɗanka yana murmushi, yana tambayarsa yaya gida, me aka ci, ina mamanka, sai ka ji ana ƙwanƙwasa maka ƙofa da takarda a hannu. Takardun yarinyar cikakku ne, ba na tsoron wannan. Amma wace ma'aikaciya ce za ta zauna in yi mata bayanin dabinon Makka ta gane? Cewa za su yi ina ɓata wa yarinya ƙwaƙwalwa.

Har jakar makarantarta na bincika, abin da ban taɓa yi ba. A cikin wani littafi na sami 'yar takarda, an rubuta kalmomi huɗu ko biyar da haruffan boko, amma ba Turanci ba ne, rubutun kuma na mai rawar hannu. Na ce ga shi nan, an fara koya mata addu'arsu. Na ninke takardar na jefa a jakata.

Maigida ya kira daga hanya na zayyana masa komai.

"Ki tambayi yarinyar mana," ya ce.

"In tambaye ta me? In na ce me ya sa kike kallon marayu, ta ce me ya sa na ce marayu fa?"

"To ki je ki gani da idonki, ki daina cin kanki. Ke in aka bar ki, har tsohuwar nan sai kin ce ita ta ƙona garin."

Na roƙi wata abokiyar aikina muka yi musayar duti. Ranar Asabar na bar Hajiya ta kwashe su kamar kullum, ƙarfe biyu saura na ajiye mota kusa da titin Elm na taka zuwa laburaren. Na jira har aka kashe fitila sannan na shiga na zauna a layin ƙarshe, na ja mayafi. Mutanen ba su kai ashirin ba, yawancinsu tsofaffin Turawa. Can a gaba na hango ƙaramin kai cikin hijabi ruwan toka, shi kaɗai a layin.

Na zo ne in kama mai laifi, ba kallo ya kawo ni ba. Amma duhu ne, ba abin dubawa sai allon. Fim ɗin ranar wani ne daban, labarin wata yarinya 'yar shekara shida da ta daina magana tun ranar da wuta ta sauko wa garinsu, aka kai ta wajen dangi a ƙauye. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka ɗauke shi. Mai ɗaukar hoton kamar a tsugune yake, daidai tsayin yarinyar. Manya ba ka ganin fuskarsu sosai, sai gwiwoyi da hannaye da bakin zane, kana dai jin suna ƙus-ƙus a saman kanta. Ɗaya ta ce a bari kada a ɗaga maganar a gabanta. Ɗaya ta ce ai ba ta gane komai, ƙarama ce. Ita kuma tana zaune tana jujjuya wani maɓalli a hannu, idonta a ƙasa, kai mai kallo ka san ba kalmar da ta wuce ta. Na dubi ƙaramin kan nan na gaba. Ko motsi bai yi ba har aka gama.

Da aka kunna fitila yarinyar ta juyo ta gan ni, ta tsaya cak. Na ce ta jira ni a bakin ƙofa. Tsohuwar tana mayar da faifai a gidansa, 'yar firit da ita, kai fari fat, da rigar sanyi da sanda a jingine. Ba ta yi kama da mai ƙwace yara ba, amma na ce ai dama ba sa kama.

Na tattaro Turancina na wurin aiki na ce ni ce uwar riƙon yarinyar can, me take nema da ita?

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce ta ji daɗin ganina, yarinyar tana da nutsuwa.

Na ce ba wannan na tambaya ba. Me take tambayarta game da gidanmu?

"Ban taɓa tambayarta komai ba," ta ce. "Ita ce mai tambaya."

Na ciro takardar na ajiye a kan tebur. Na ce wannan fa, addu'ar mece ce? Kuma me ke cikin akwatin nan da ake yi wa ruku'u?

Ta ɗauki takardar ta duba. Ta ce ba addu'a ba ce, kuma ba akwatin ake duƙa wa ba. A ciki akwai abin da ya rage na wanda ya mutu, in an samu. Bayan yaƙin sau da yawa ba a samun komai, sai a sa ɗan dutse ko takarda mai sunansa. Ta ce ita a ƙarshen yaƙin aka haife ta, ba ta san mahaifinta ba. Yayarta ce ta riƙe irin wannan akwatin, don uwarsu tana goye da ita. Mutanen da ke duƙawa, yarinyar suke duƙa wa. Suna gaya mata ne sun san abin da ta rasa, kuma suna taya ta jimami.

"Kalmomin da suke faɗa ke nan," ta ce, ta miƙo mini takardar. "'Yarki ce ta ce in rubuta mata. Ta kuma tambaye ni ko da gaske ne ana yi wa ƙaramin yaro, ko a fim ne kawai."

Na mayar da takardar jakata. Na ce, me ta gaya miki game da mahaifiyarta?

"Ta ce tana Makka, tana aiko mata da dabino duk shekara. Har ta taɓa kawo mini guda uku."

Na yi ajiyar zuciya, na ce ashe asirina yana nan. Na yi mata godiya sama-sama. Har ga Allah ko a lokacin ban gama yarda da ita ba, ina fita ina cewa a raina tsofaffin nan sun iya shirya magana.

Na kira Hajiya na ce na ɗauki tawa. Muka shiga mota. Na so in yi faɗa, na rasa a kan me zan yi. Muka hau titin Gate City, rana ta yi sanyi, motoci sun yi layi a gaban wuraren sayar da abinci. Saura kwana goma azumi, kuma dama a raina na sa ranar Talata zan tsaya in yi sayayyata in na taso daga aiki. Da muka zo daidai wurin na ƙi ko waiwayawa.

"Anti, ga shagon," ta ce.

"Wane shago?"

"Na dabinon."

Ban san yadda aka yi na karya kan motar na shiga filin ajiye motocin ba. Na kashe ta. Ko a nan halina bai bar ni ba, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Wa ya gaya miki? Hajiya ce ko? Ko tsohuwar nan?"

"Ba wanda ya gaya mini."

Da Hausa ta faɗa. Hausar ƙauyenmu, da muryar da na manta tana da ita.

"Kina kankare tambarin saman kwalin, kina manta na ƙasan."

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun na farko."

Na ce to, dabinon dai ni ke saya, don Innarta ba ta samun mai kawowa, hanya ce ba kyau. Ina magana ina jin yadda ƙaryar take fita da kanta, kamar ba ni ba. Ta bar ni har na kai aya.

"Anti, rumbun yana da tsaga," ta ce. "Inna ce ta ɗaga ni ta saka ni a ciki. Ta ce kada in yi magana sai ta zo ta fiddo ni. Ina kallo ta tsagar. Ba ta kai ƙofar gida ba."

Wani mutum ya wuce ta gaban motar yana tura keken kaya cike da buhunan shinkafa. Na bi shi da kallo har ya buɗe but ɗin motarsa, don ban iya duban gefena ba. Shekara shida. Mu manya muna ta ƙus-ƙus a saman kanta, ni ina sa ido a kan Hajiya, ina yanke zumunci da mata a kan "Allah sarki", ina bincika jaka, ashe wadda nake gadi ta fi mu duka sani. Ni labari aka ba ni a waya. Ita ta gani.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Kawu ya ce Makka. Kowa ya ce Makka. Da na zo ke ma kin ce Makka, kuma in kin kawo dabinon kina murna. Na ga in na ce a'a za ki yi kuka."

Kukan kuwa na yi shi, irin wanda ban yi ba ko a zaman makokin. Ta zaro takardar goge hanci daga aljihun ƙofa ta miƙo mini. Ita idonta a bushe. Ta jira har na lafa.

"Jikokin Hajiya sun ce da kakansu ya rasu, kwana uku mutane suna zuwa gidansu. Ke ma an zo miki?"

"An zo."

"Mutane da yawa?"

"Da yawa. Har kan matakala."

Ta gyaɗa kai, tana murza bakin hijabinta.

"Ni ba wanda ya yi mini gaisuwa," ta ce.

Sai a lokacin na ga madubin nan da farin hijabin da kwalin da ba komai a ciki. Na tuna na tsaya a kanta ina tambayar wa take yi wa ruku'u. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a gaban babba, balle yaro.

Na share fuskata. Na cire bel, na gyara mayafina na rufe kai sosai, na juyo gaba ɗaya na fuskance ta, yadda zan yi in na shiga gidan rasuwa na sami babbar mace a kan tabarma. Na sassauta murya.

"Ya haƙuri?"

Ta dube ni. Ta san kalmomin Japan, tsohuwa ta rubuta mata. Namu ne ba wanda ya koya mata.

"Me ake cewa, Anti?"

"Sai ki ce, da godiya."

"Da godiya."

"Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah Ya jiƙan Innarki. Allah Ya gafarta mata, Ya sa ta huta."

Wannan ba sai na koya mata ba. Ta buɗe baki za ta ce amin, sai muryar ta karye a tsakiya, ta kifa kai a cinyata, nan a gaban shagon dabino, ta yi kukan da aka ce mata ta riƙe tun tana cikin rumbu.